Yadda Likitoci Suka Fara Koyon Koyarwa

Idan likita ya ƙware wajen gano cuta, shin ya iya koya wa wani yadda ake gano ta? An daɗe makarantun likitanci suna ɗaukar cewa amsar e ce. Da mutum ya yi suna a asibiti sai a miƙa masa ɗalibai, shi kuma ya koyar yadda aka koya masa.

A 1910, Abraham Flexner, wanda malamin makaranta ne ba likita ba, ya fitar da rahoto bayan ya zagaya makarantun likitanci 155 a Amurka da Kanada. Rahoton ya taimaka wajen rufe makarantu da yawa marasa inganci, ya kuma dage a kan ɗakunan gwaje-gwaje da koyo a gefen gadon mara lafiya. An gyara abin da za a koyar da inda za a koyar. Amma horar da shi mai koyarwar bai samu irin wannan kulawa ba.

Sai a shekarun 1950 wani likita a Jami'ar Buffalo da ke jihar New York, George Miller, ya tunkari matsalar. Ya nemi taimakon masana ilimin koyarwa na jami'ar, cikinsu har da Stephen Abrahamson. Suka riƙa zama da likitoci suna tattauna tambayoyin da ba a saba yi ba: me kake so ɗalibi ya iya bayan darasinka? Ta yaya za ka san ya iya? A 1959 Miller ya koma Jami'ar Illinois da ke Chicago, ya kafa ofishin bincike kan koyar da likitanci. Abrahamson kuma ya kafa irin wannan sashe a Jami'ar Kudancin Kalifoniya a 1963.

Daga nan Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigo. Ƙasashe da yawa da suka samu 'yanci suna buɗe sabbin makarantu, amma malamai sun yi ƙaranci. A farkon shekarun 1970 hukumar ta haɗa kai da cibiyar Chicago, aka kafa cibiyoyin horar da malamai a yankuna, kamar Shiraz a Iran, Peradeniya a Sri Lanka da Sidni a Ostireliya. Dabarar ita ce a horar da 'yan kaɗan, su koma gida su horar da wasu.

A 1990 Miller ya taƙaita tunaninsa a matakai huɗu: ɗalibi ya san abu, ya san yadda ake yin sa, ya nuna a gaban malami, sannan ya yi shi a bakin aiki. Jarrabawar takarda tana auna matakan farko ne kawai. Ɗalibar jinya na iya rubuta yadda ake sa ƙarin ruwa daidai, amma hannunta ya kasa samun jijiya.

To a nan ne maganar ta shafi kowa. Malamin da bai iya duba aikin ɗalibi ya gyara masa ba, zai yaye shi da kurensa, kuma mara lafiya ne zai ɗanɗana kuɗarsa. Shi ya sa a yau makarantu da dama ke buƙatar likita ko ma'aikaciyar jinya su yi horon koyarwa tukuna, komai daɗewarsu a asibiti.