Wa Ke Biyan Karatun Kyauta? Daga Sakkwato zuwa Unguwar Jeji

Ɗan garin Dalijan na ƙasar Gwandu da ya gama sakandare a shekarun 1960 kuma yake da burin digiri, tafiya ce mai nisa a gabansa: ko Zariya, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ko Ibadan can kudu. Irinsu ba su da yawa, gwamnatin Jihar Arewa kuwa tana nemansu ido rufe don cike guraben da Turawa suke bari, saboda haka ita ke ɗaukar nauyin yawancinsu. Jikansa na yau ba ya bukatar fita daga masarautar Gwandu. Ga jami'ar jiha a Aliero tun 2006, ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda ta fara karatu a Kalgo kafin ta miƙa zuwa mazauninta na dindindin a Unguwar Jeji, kan hanyar Bunza. Tazara ta ragu. Abin da ya ƙaru shi ne lissafin da mahaifinsa ke yi da daddare, na buhu nawa na shinkafa ko albasa zai fitar kafin a rufe rajista.

A takarda dai, karatun digirin farko a jami'ar tarayya kyauta ne. Asalin wannan yana komawa tsakiyar shekarun 1970, lokacin da kuɗin mai ya cika baitulmali. A 1975 gwamnatin soja ta karɓe jami'o'in da ke hannun jihohi, ta kuma kafa sababbi bakwai a Sakkwato, Kano, Jos, Maiduguri, Ilorin, Kalaba da Fatakwal. Ta Sakkwato, wadda Farfesa Shehu Galadanci ya fara shugabanta, ta soma darasi a 1977 da masu neman digiri ƙasa da ɗari, kuma ita ce ta zama jami'ar gida ga mutanen Gwandu, Argungu da Yawuri tun kafin a yanke Jihar Kebbi a 1991. A wannan shekarar ta 1977 gwamnatin Janar Obasanjo ta soke kuɗin koyarwa. Wanda ya yi karatu a lokacin har yau yana ba da labarin ɗakin cin abinci, da kazar ranar Lahadi, da masu wanke wa ɗalibai zanen gado.

Daɗin bai daɗe ba. A Afrilun 1978 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, ƙarƙashin Dakta Jibril Aminu, ta ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu. Ɗalibai suka fito kan titi suna neman a tsige kwamishinan ilimi na tarayya, Kanal Ahmadu Ali. An harbe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta ƙungiyarsu ta ƙasa, aka kori wasu malamai da ake zargi da zuga su. Darasin da kowace gwamnati ta ɗauka daga nan shi ne kada a kuskura a ce an dawo da kuɗin koyarwa. Sai dai babu wadda ta yarda ta ci gaba da zuba abin da karatun kyautar ke ci. A cikin wannan giɓin malaman jami'a suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna fama.

A 1978 ɗin ne aka kafa ASUU, a madadin tsohuwar ƙungiyar malaman jami'a ta 1965 wadda ba ta cika ɗaga murya ba sai kan albashi da alawus. Sabuwar ta zo da wani salo. Shugabanninta na farko, irin su Biodun Jeyifo da masanin tarihin nan na Zariya Mahmud Tukur, sun ɗauki ilimin jami'a hakki ne na ɗan talaka, kuma suka ɗauki kansu masu gadinsa. Gwamnatin Buhari ta soja ta janye tallafin abinci, ɗakunan cin abinci suka koma hannun 'yan kasuwa. Sai tsarin tsuke bakin aljihu na Janar Babangida ya zo a 1986, naira ta faɗi, albashin farfesa ya koma abin da ba ya kai mai shi ƙarshen wata. Ɗakunan karatu suka daina sayen mujallun ilimi na waje. Likitoci masu koyarwa suka nufi Saudiyya, wasu malamai suka tafi Amurka da Botsuwana, malaman Indiya da Pakistan da suka riƙe sassan kimiyya a Arewa suka tattara nasu ya nasu.

A nan ne Kebbi ta shiga labarin ta babbar ƙofa. A 1988 shugabancin ASUU ya faɗa hannun wani matashin malamin kimiyyar siyasa na Jami'ar Bayero, Attahiru Jega, ɗan garin Jega, wanda ya riƙe ta har 1994. Gwamnati ta haramta ƙungiyar a 1988, ta sake ta a 1990, ta kuma haramta ta a Agustan 1992 ana tsakiyar yajin aiki. Abin dariya, cikin makonni kaɗan gwamnatin ta zauna da mutanen da ta ce babu ƙungiyarsu, aka sa hannu a yarjejeniyar Satumban 1992. Duk sa'ad da malamai suka nemi ƙarin kuɗi, amsar jami'an gwamnati ita ce babu. Malaman suka ce to ga inda za a samo: kamfanonin da ke cin moriyar waɗanda jami'a ta yaye su riƙa ba da wani abu daga ribarsu. Daga wannan shawara aka yi dokar harajin ilimi ta 1993, kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfani. A 2011 aka mayar da asusun harajin na manyan makarantu kaɗai, da sunan TETFund, daga baya aka ɗaga harajin zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Jami'o'i ke ɗaukar rabi, kwalejojin fasaha da na horon malamai su raba ragowar.

Duk wanda ya zaga jami'ar Unguwar Jeji, ko ta Aliero, ko Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, zai ga sunan wannan asusu a jikin bango bayan bango, tare da shekarar da aka ba da kuɗin. Zauren lacca nasa ne, ɗakin gwaje-gwaje nasa ne, motar bas ɗin ɗalibai sau da yawa tasa ce. Matasan malamai da dama da suka je Malesiya ko Ingila suka dawo da digirin digirgir, shi ya biya musu. Malaman jami'a suna da gaskiya idan suka yi tinƙaho da shi, domin ba a yawan samun ƙungiyar ƙwadago da ta bar wa ƙasa abin da ya kai haka.

Amma asusun ba ya biyan kuɗin wuta. Ba ya sayen man janareto, ba ya biyan masu shara da masu gadi, ba ya sayen takardar jarrabawa ko sinadarin da ɗalibi zai zuba a kwalba ranar gwaji. A jami'ar tarayya, albashi daga Abuja yake zuwa, gini daga TETFund, kuɗin gudanarwa na yau da kullum da gwamnati ke turowa kuwa ba ya kai ko'ina. Da aka ƙara farashin lantarki ga manyan masu amfani da shi a Afrilun 2024, manyan jami'o'i irin ta Zariya suka riƙa kuka da takardun kuɗin wuta na ɗaruruwan miliyoyi a wata. To ina shugaban jami'a zai juya? Gwamnati ta hana shi karɓar kuɗin koyarwa, amma ba ta hana kuɗin rajista ba, da na jarrabawa, da na asibiti, da na wasanni, da na intanet, da na katin shaida, da na ɗakin kwana. Kowane ɗaya ƙarami ne, jimlarsu ce ke sa uba sayar da ɗan maraƙi. A 2023 jami'o'in tarayya da yawa suka ninka waɗannan kuɗaɗe, daga Legas har Kano da Maiduguri, gwamnati kuma ta fito ta nanata cewa karatu kyauta ne. Ba ƙarya ta yi ba, ba kuma gaskiyar da mai biya zai gane ta faɗa ba.

Wanda ke biya shi ke da iko, wannan kuwa malamai sun ɗanɗana shi. A 1995 Janar Abacha ya naɗa wa Jami'ar Ahmadu Bello kantoma soja, Manjo Janar Mamman Kontagora, ya zauna a kujerar da ta kamaci farfesa. Dokar da aka gyara a 2003 ta ba majalisun gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a, amma shugabannin majalisun daga fadar gwamnati ake turo su, kuma a Yunin 2023 an rushe su duka da sanarwa ɗaya, jami'o'i suka yi kusan shekara babu su. Rigimar IPPIS ma daga nan take. Tsarin biyan albashi ne da aka ɗinka wa ma'aikatan ma'aikatu, bai san malamin da ya zo hutun nazari daga wata jami'a ba, bai san mai zuwa koyarwar wucin gadi ba. Ga ƙaramar jami'a irin ta Kalgo, wadda a shekarunta na farko ta jingina da manyan malamai masu zuwa daga Sakkwato da wasu wurare, wannan ba ƙaramar matsala ba ce. Sai a Disamban 2023 majalisar zartarwa ta amince a fitar da jami'o'i daga ciki.

Makamin malamai dai guda ne, wato yajin aiki, kuma ya yi ta dakushewa. An sa hannu a wata yarjejeniya tsakanin gwamnati da ASUU a 2009, aka yi yajin aikin 2013 na fiye da wata biyar wanda ya sa gwamnatin Jonathan ta yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida, aka ba da biliyan 200 na farko, sauran suka riƙa fitowa a gutsure. An yi na 2020, an yi na 2022 daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, aka riƙe albashin malamai da hujjar ba aiki ba biya. A waɗannan watanni ɗalibin Gwandu ya yi damina guda a gona, kuɗin hayar ɗakinsa na Kalgo ya ƙone a banza, 'yan matan da aka sha wahala kafin iyaye su yarda su je jami'a wasu aka aurar da su ba su koma ba. Masu mulki kuwa 'ya'yansu suna jami'o'in kuɗi ko ƙasar waje. Malamai sun san wannan, kuma a ɗakunan shan shayinsu akwai masu faɗin cewa yajin aikin ya fi cin wanda aka ce don shi ake yi.

Amsar gwamnatin Tinubu ita ce bashi. An sa hannu a dokar lamunin ɗalibai a Yunin 2023, aka sake fasalinta a Afrilun 2024, asusun NELFUND ya buɗe shafin nema a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, ya ba ɗalibi naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa, a fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ɗaliban Arewa sun nema da yawa. ASUU ta ƙi tsarin, tana cewa tallafi ya kamata a ba ɗan talaka maimakon a yaye shi da bashi a wuya babu aiki, ta kuma yi tsayin daka lokacin da ƙudurin gyaran haraji na 2024 ya zo da shawarar rage kason TETFund a hankali a karkata shi ga lamunin. A Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai, ministan ilimi Tunji Alausa yana cewa wasu daga cikin waɗanda ake da su ma'aikatansu sun fi ɗalibansu yawa.