Yadda ake koyar da binciken tarihi a Sakkwato

Yankin Boɗinga da Shagari, wanda ya haɗa da garuruwa irin su Sifawa da Kajiji a kudancin birnin Sakkwato, na daga cikin wuraren da ke da tushe a tarihin Daular Usmaniyya.

A Sifawa ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a shekarar 1815, yayin da ƙaninsa Malam Abdullahi ya yi zama a Boɗinga.

To sai dai ɗalibin jami'ar da ke son rubuta tarihin ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa, abu na farko da malamansa ke nuna masa shi ne, jin labari daban, tabbatar da shi kuma daban.

Asalin tsarin

Wannan salon koyarwa ya samo asali ne daga Zariya, inda Farfesa Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, ya jagoranci sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello tun daga 1962, ya kuma kafa Gidan Arewa a Kaduna a 1970.

A wancan lokaci akasarin abin da ake karantawa game da ƙasar Hausa, rubutun jami'an mulkin mallaka ne.

Shi kuwa Smith sai ya dage a kan cewa a koma ga rubuce-rubucen mutanen ƙasar, ya kuma nuna cewa labarin Bayajidda kaɗai bai isa ya bayyana yadda daulolin Hausa suka kafu ba.

Dakta Murray Last ya bi wannan hanya, inda ya dogara ƙwarai da taskar littattafan Wazirin Sakkwato Junaidu wajen rubuta littafinsa kan daular, wanda ya fito a 1967.

Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, kuma aka raɗa mata sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta gaji wannan tsari, har ma masanin tarihi Farfesa Mahdi Adamu ya taɓa shugabantar ta.

Madogara uku

Madogara ta farko ita ce rubutattun littattafai na Larabci da ajami, kamar Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya kammala a 1812, da Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi.

Ana koya wa ɗalibi ya gano wanda ya wallafa, da wanda ya kwafa, ya daidaita shekarar Hijira da ta Miladiyya, ya kuma tuna cewa waɗannan malamai suna cikin waɗanda suka yi yaƙin, don haka ya wajaba a nemi yadda Gobirawa ke ba da nasu labarin.

Ta biyu ita ce tarihin baka, wato hira da dattawa, da maroƙa, da tsofaffin mata, tare da rubuta sunan mai magana, da shekarunsa, da wuri, da ranar hirar.

Ba a kafa hujja da bakin mutum ɗaya, musamman a kan sarauta ko iyakar gona, inda kowane gida ke da nasa zancen.

Ta uku kuwa ita ce takardun da Turawa suka bari bayan sun ci Sakkwato a 1903, waɗanda galibinsu ke ajiye a taskar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna.

Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, wanda ya rasu a 2005, ya sha jan hankali cewa rahoton Bature ma yana buƙatar tacewa, domin sau da yawa ta bakin tafinta aka same shi, kuma an rubuta shi ne don biyan buƙatar mulki.

Abin da ke cikin haɗari

A shekarar ƙarshe ne ɗalibi ke haɗa waɗannan madogarai ya rubuta kundin digiri, a ƙarƙashin kulawar malami, yana mai nuna inda ya samo kowace magana.

Sau da yawa irin wannan kundi shi ne rubutu na farko da aka taɓa yi a kan wani ƙauye ko wata sana'a.

Aikin kuma ba ya jira, domin dattawa na rasuwa da abin da suka sani, gara da ruwan damina na cinye takardun da ke zaurukan malamai, ga kuma matsalar tsaro da ta hana masu bincike shiga wasu ƙauyukan jihar.

Shi ya sa malaman ke ɗaukar cewa kundin da aka kwafo daga na wani, asara ce ga garin da aka rubuta tarihinsa, ba ga ɗalibin kaɗai ba.