Jigoro Kano da Kokawar Judo: Yadda Faɗa Ya Shiga Makaranta



Da aka kafa sanarwar wannan lacca, wani abokin aikina ya tare ni yana tambaya ko Jigoron nan wani ɗan dambe ne na birnin Dabo wanda bai taɓa jin labarinsa ba. To, bari in fara da kawar da wannan ruɗani. Kanon da za mu yi magana a kansa yau mutumin Japan ne, sunan gidansu ne kurum ya yi kama da na birninmu, kuma malamin makaranta ne kamar da yawa daga cikinmu. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, wata magana ce da nakan ji a bakin iyaye da jami'an ilmi, cewa in aka sa yaro wasan faɗa, aka gasa masa horo mai tsanani, lalle zai tashi da ladabi da juriya. Tarihin judo ya isa ya nuna mana inda maganar nan ta gaskata da inda ta kuskure.

An haifi Jigoro Kano a shekarar 1860 a Mikage, kusa da birnin Kobe, a gidan masu hali da suka gaji sana'ar giyar shinkafa. Japan tana cikin juyi a lokacin. A 1853 jiragen yaƙin Amurka suka tsaya a gaɓarta, suka tilasta mata buɗe ƙofa ga baƙi bayan ta yi fiye da shekara 200 a kulle. A 1868 mulkin sojan gado ya faɗi, aka mai da iko ga Sarki Meiji, sabuwar gwamnati ta duƙufa wajen kwaikwayon Turawa a harkar soja da makaranta, har da sutura. Samurai, watau baraden da suka gaji yaƙi kaka da kakanni, suka rasa matsayinsu, a 1876 ma aka hana su rataya takobi. Cikin abubuwan da suka faɗi tare da su akwai jujutsu, dabarun faɗa na kusa da kusa waɗanda suka haɗa da kaye da murɗe gaɓa da shaƙe wuya da naushi. 'Yan boko suka ɗauke shi abin jahilci. Malamansa suka rasa almajirai, waɗansu suka koma yin wasa a bainar jama'a don a ba su kuɗi, da yawa kuma suka zama maɗora.

Mahaifiyar Kano ta rasu yana da kamar shekara tara, mahaifinsa ya kai shi Tokyo ya sa shi makarantun da ake koyon Ingilishi. Yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma ɗan firit, an ce nauyinsa bai wuce kilo 41 ba, saboda haka manyan yara suka mai da shi abin cin zali. Bai shiga neman jujutsu don wata falsafa ba, so yake ya rama. Da ya shiga Jami'ar Tokyo a 1877 sai ya bi gidajen maɗora yana cigiya, don ya ji cewa a can tsofaffin gwanayen suka ɓuya, har ya dace da wani mai suna Fukuda Hachinosuke. Koyarwar Fukuda irin ta mutanen dā ce. An ruwaito cewa in Kano ya tambaye shi yadda aka yi wani kaye, amsar ita ce ya sake ɗaga shi ya buga da ƙasa, har sai jikinsa ya gane. Fukuda ya rasu a 1879, Kano ya ci gaba a hannun Iso Masatomo, bayansa kuma Iikubo Tsunetoshi, wanda gidansu ya shahara da kaye.

A 1882, bayan ya gama jami'a da shekara guda, bai ko cika shekara 22 ba, ya buɗe tasa makarantar a wani ɗaki na gidan ibadar mabiya Buda da ake kira Eishoji. Faɗin ɗakin tabarma 12 ne, almajirai tara. Ya sa mata suna Kodokan, watau gidan koyon hanya, ya kuma sauya wa abin da yake koyarwa suna daga jujutsu zuwa judo. "Ju" tana nufin laushi ko sassauci, "jutsu" dabara, "do" kuwa hanya. Sauya suna abu ne mai sauƙi, mu ma'aikata mun san sau nawa akan sauya wa ma'aikata suna a bar ta yadda take. Abin dubawa shi ne me ya sauya a kan tabarmar.

Abin da aka fara koya wa sabon almajiri a Kodokan shi ne faɗuwa. Kafin ya kayar da kowa sai ya yi kwanaki yana koyon yadda zai sunkuyar da haɓa don kada ƙeyarsa ta bugu, da yadda zai mari tabarma da hannu don ya rage ƙarfin buguwar, da yadda zai mirgina ya miƙe. Sa'ad da nake karatu a ƙasar waje na taɓa leƙa wani ajin judo, na ga ƙatti suna ta faɗuwa su kaɗai ba wanda ya taɓa su, na yi dariya na fita. Sai daga baya na fahimta. A kokawarmu ta gargajiya, da zarar bayanka ko gwiwarka ta taɓa ƙasa magana ta ƙare, makaɗa sun koma wa wanda ya yi kaye. A makarantar Kano kuwa an ɗauka tun farko cewa kowa zai sha ƙasa sau da yawa a kowace rana, saboda haka aka mai da shan ƙasa darasi na ɗaya. Ɗalibin da bai ji tsoron faɗuwa ba yakan yarda ya gwada abin da bai iya ba tukuna.

Sa'an nan ya raba dabarun gida biyu. Waɗanda ke iya makanta mutum ko kashe shi, kamar naushi da shuri da tsone ido, ya ajiye su cikin abin da suke kira kata, watau jerin motsi da aka tsara, kowa ya san abin da ɗan'uwansa zai yi. Sauran kuwa ya sake su cikin randori, kokawa ta gaske wadda kowa ke sa iyakar ƙarfinsa da wayonsa. A ganina wannan ce babbar hikimarsa. Tsofaffin gidajen jujutsu suna da mugayen dabaru, amma mutum ba shi da halin gwada su da gaske a kan abokin karatunsa ya kuma same shi gobe. Da Kano ya cire masu haɗarin, sai almajiransa suka sami damar yin kokawa da dukan ƙarfinsu kullum. Haka nan duk wanda aka shaƙe ko aka murɗe wa hannu, in ya ga ba mafita, sai ya ɗan bubbuga jikin abokinsa ko tabarma, nan take a sake shi. Wannan alkawari ne tsakanin mutum biyu: ɗaya ya amsa an fi shi a wannan karon, durƙusa wa wada kuwa ba gajiyawa ba ne, ɗayan kuma ya tsaya a daidai lokacin da yake da ikon yin ɓarna.

Wajen kaye ma ya yi bayanin abin da malamansa suka iya amma ba su faɗa ba. Ya nuna cewa kafin ka kayar da mutum sai ka fara raba shi da daidaiton tsayuwarsa. In ya turo ka, ka ja shi. In ya ja ka, ka bi shi da turi, har nauyinsa ya koma kan dugadugansa ko yatsun ƙafarsa, sa'an nan ka shiga. Da haka ƙaramin mutum kan ɗaga babba. Kuma bai bar almajirai su tsinci ma'anar abin da kansu ba. Cikin hanyoyin koyarwa huɗu da ya tsara, biyu ne na jiki, watau kata da randori. Sauran biyun lacca ce da zaman tambaya da amsa. A 1922 ya bayyana manufofin nan biyu da aka san judo da su: amfani da ƙarfin jiki da na hankali ta hanyar da ta fi dacewa, da kuma cin moriyar juna. Ta biyun ba wa'azi ba ce kurum, don ba mai iya koyon kaye sai wani ya ba shi aron jikinsa.

Duk wannan a gefen aikinsa na gwamnati yake yi. Daga 1893 ya shugabanci Babbar Makarantar Horon Malamai ta Tokyo, in ban da ɗan katsewa, har 1920, ta nan ne kuma judo ta bi ɗalibansa zuwa makarantun ƙasar. A 1909 ya zama mutumin Asiya na farko a Kwamitin Wasannin Olimfik na Duniya. A 1911 gwamnati ta yarda a koyar da judo da wasan takobi a makarantun sakandare.

Daga nan labarin ya ɗauki wata hanya. A 1931, shekarar da sojan Japan suka mamaye Manchuriya, aka wajabta wasannin nan a kan ɗaliban sakandare maza. Abin da hukuma ke nema a lokacin shi ne yara masu bin umarni ba tambaya, masu shirin mutuwa saboda Sarki. Tabarmar ba ta sauya ba, kayen ma bai sauya ba, amma zaman tambaya da amsa ba shi da wuri a irin wannan tsari. Kano ya rasu ran 4 ga Mayu 1938 a cikin jirgin ruwa, yana komawa gida daga taron Kwamitin Olimfik da aka yi a Alƙahira. Ya yi fafutukar a ba Tokyo wasannin 1940, an kuwa ba ta, amma wata biyu bayan rasuwarsa Japan ta janye saboda yaƙinta da ƙasar Sin. Da aka ci Japan da yaƙi a 1945, aka haramta judo a makarantu a matsayin kayan cusa wa yara aƙidar soja, ba a mai da ita ba sai a 1950, da sunan wasa.

A 1964 judo ta shiga wasannin Olimfik a Tokyo. A rukunin da ba a iyakance nauyi ba, wanda Japanawa suka fi sa wa rai, wani mutumin Holan mai suna Anton Geesink ya danne gwaninsu Kaminaga Akio har lokaci ya cika. Mutanensa suka yunƙuro za su hau tabarma don murna, sai ya ɗaga hannu ya dakatar da su, ya tsaya suka sunkuya wa juna da abokin karawarsa kamar yadda aka koya musu. Japanawa sun ji zafin kayen, amma sun daɗe suna ambaton wannan ɗaga hannu.

Amma fa a makarantun Japan ɗin kanta, ragowar horon soja bai fita ba. Wani malamin Jami'ar Nagoya, Uchida Ryo, ya bi bayanan hukuma ya gano cewa tsakanin 1983 da 2011 ɗalibai fiye da 100 sun mutu a wajen koyon judo a makarantu, akasarinsu saboda buguwar kai, da yawa kuma sababbin shiga ne. Watau an kayar da su tun ba su iya faɗuwa ba, darasin da Kano ya sa a farko. A 2013 mata 15 daga cikin manyan 'yan wasan ƙasar suka kai ƙarar mai horar da su saboda duka da zagi, har ya sauka. Ga jami'an ilmi da ke nan, ya kamata in ambaci Faransa, wadda masu rajistar judo a cikinta suka fi na Japan yawa: tun 1955 ta yi doka cewa ba wanda zai koyar da judo a biya shi sai yana da takardar shaida ta gwamnati. Ƙungiyar judo ta Japan ba ta kafa tsarin ba malamai takardar izini ba sai a 2013. A 2022 kuma ta soke gasar ƙasa ta ɗaiɗaikun 'yan firamare, bayan ta ga iyaye da masu horarwa suna matsa wa yara ƙanana su rage nauyi, suna kuma yi wa alƙalan wasa ihu daga bakin tabarma.