Yadda za a gano matsalar wuta a tsohuwar a-kori-kura

Ƙungiyoyin manoma da yawa har yanzu da tsohuwar Peugeot 504 mai shan fetur suke kai kaya kasuwa. In ta ƙi tashi da kwandunan tumatir a bayanta, kwana ɗaya ya isa a tafka asara. Sau da yawa kuma laifin na waya ne kawai, don haka kada ka yi saurin sayen sabon batir ko altaneta. Bi wannan tsari tukuna.

Batir: A kashe mota a auna da mita. Cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6, in ya sauka ƙasa da 12.2 ya yi rauni. Duba kawunansa, in sun yi farin gari a kankare a ɗaure tam. Duba kuma wayar negatif da ke haɗe da jikin mota. Tsatsa a nan kan sa ka murɗa makulli ka ji "ƙas" kawai.

In inji yana juyawa amma bai kama ba: Zare wayar tsakiya daga murfin distiributa, ka riƙe ta da filaya mai roba kusa da jikin inji, wani ya murɗa makulli. Shuɗin tartsatsi na nufin kwayil lafiya lau, sai a koma kan murfi da filogi. Da damina raɓa kan taru a cikin murfin, a goge da busasshen tsumma. In babu tartsatsi, a gwada ko wuta tana isa kwayil, sannan a duba kontak. Tazararsa wajen milimita 0.4 ce.

Caji: Da an murɗa makulli jar fitilar batir ta kama, in inji ya tashi ta mutu. In ba ta kama ba sam, duba ƙwan da siririyar wayarsa, domin a yawancin tsofaffin motoci ta nan altaneta ke samun wutar farko. Inji na aiki, mita ya nuna tsakanin 13.8 da 14.4. In ƙasa da 13 ne, duba fanbel ko ya saki. In ya haura 15, ragileta ta lalace, za ta dafa batir.

A kiyaye:
- Kada a cire kan batir inji na aiki wai don gwada caji, yana ƙona altaneta.
- Kada a maye fiyus da guntun waya, hanyar gobara ke nan.
- Kafin taɓa wayoyi a fara cire negatif.
- Motar da ke ɗaukar hatsi ɓeraye na bin ta, a riƙa leƙa wayoyi ko sun ciccije.

Shawara ga ƙungiya: a sayi mita guda, a yi wannan duba kafin kaka ta kama. In an ga wayoyi sun narke, sai a kira mai gyaran wutar mota.