Suna da Mazauni: Tarihin Lambobin Dindindin a Katalogin Ɗakunan Karatu

Manufar wannan ƴar maƙala ita ce a bi diddigin yadda ɗakunan karatu suka raba sunan abu da wurin da yake ajiye, da abin da hakan ke koya wa mai bincike.

Matsalar ta girmi intanet. Tun 1898 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka yake bai wa bayanin kowane littafi lambarsa, kuma a 1970 ISBN ta zama ƙa'ida ta duniya. Irin wannan lamba ba ta sakewa ko da an ɗauke littafi daga ɗaki zuwa ɗaki.

Da katalogi suka hau intanet a shekarun 1990, sai aka koma gidan jiya, domin adireshin URL mazauni yake nunawa: da zarar an sake na'ura ko tsarin ajiya, sai ya mutu. A 1995 ƙungiyar OCLC ta fito da PURL, wato adireshi mai shiga tsakani wanda ke tura mai nema zuwa sabon mazauni. An gabatar da DOI a bajekolin littattafai na Frankfurt a 1997. A 2001 John Kunze ya fito da ARK, wanda Babban Ɗakin Karatu na Faransa ya ɗauka. Lambarsa a tsarin ita ce 12148, kuma haruffan cb da ke biye da ita suna nuna bayanin katalogi.

Akwai abin lura a nan ga masanin harshe. Masu tsara ARK suna ba da shawarar a cire wasula daga suna, don kada haruffa su haɗa kalma mai ma'ana. Dalili shi ne ma'ana takan tsufa: sashe ya sake suna, hukuma ta rushe, alama ta zama ƙarya. Sunan da bai faɗi kome ba shi ya fi daɗewa.

Amma fa tsari kaɗai bai isa ba. A 2016 OCLC ta miƙa kula da PURL ga Internet Archive; da ba a sami magaji ba, da adireshin sun mutu. Ke nan dawwama alkawari ce ta hukuma, wadda ke gyara rajistar turawa duk lokacin da aka yi ƙaura.

Saboda haka, ɗalibin da ke rubuta kundin digiri ya nemi lambar dindindin ta bayanin katalogi, kada ya kwafi adireshin da ya gani a saman allo. Ta haka ne mai karatu, bayan shekara ashirin, zai iya tabbatar da hujjarsa.