Tokar Marina Ba Ta Zama Shara

Masu bincike a yau suna gwada zuba tokar gawayin kwal da ta ɓuntun shinkafa cikin siminti don rage sharar masana'antu. Wannan tunani ya daɗe a hannun marinan Kano. A Ƙofar Mata, marinar da ake danganta kafuwarta da 1498, baba ba ya sakin launi sai an haɗa shi da ruwan toka, wanda kaifinsa ke ba ƙwayoyin bakteriya damar ruɓar da ganyen har shuni ya narke ya kama zare. Idan rini ya mutu, sai a kwashe lakar da ta kwanta a gindin rijiyar, a dunƙule, a shanya, a ƙone ta zama katsi. Wani ya koma cikin sabon rini, wani a cakuɗa shi da gashin da majema suka kankare da ruwan dafara, a sami laso, wanda da shi ake daɓe rijiyoyin kansu da rufin soraye don kada ruwa ya ratsa.

Wani zai ce talauci ne ya tilasta hakan, ba ilimi ba. To, Kano da Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a 1851 ba matalauciya ba ce. Rinannun tufafinta suna kaiwa Tumbuktu da Tarabulus. Gaskiya marina ba su rubuta ma'auni ba, amma sun san tokar da ta yi kaifi da wadda ta salance, kuma sun gadar da sanin daga uba zuwa ɗa. Ya kamata jami'o'inmu su auna laso kafin masu iya haɗa shi su ƙare.