Tsakanin Cibiya da Noti: Nazari Kan Abin da Ke Ɗauke da Nauyin Mota a Wilin Canji

Mas'alar da wannan maƙala ta ɗauko ita ce saɓanin da ke tsakanin makanikai game da wilin alminiyam da ake saya a maye gurbin na asali, wanda galibi akan faɗaɗa ramin tsakiyarsa zuwa milimita 73.1 domin ya shiga motoci iri-iri, alhali kuwa cibiyar ƙafar Toyota Camry milimita 60.1 ce, ta Honda Accord kuma 64.1. Da yawa daga cikin 'yan kasuwa sun tafi a kan cewa cibiya ce ke ɗauke da mota, saboda haka wilin da bai kama ta cif ba ya jibga nauyin a kan kusoshi ke nan, sai an sa zobe ya cike giɓin. Wannan ƙauli, duk da shahararsa, ba shi da hujja, tun da yake zoben nan sau da yawa na roba ne, wanda ba zai jure ramukan titi ba in da a kansa nauyin yake.

Hanyar binciken lissafi ce bisa ma'aunan da masana'antun suka wallafa.

Idan aka ɗaure notin Camry a kan kusarsa mai kaurin milimita 12 gwargwadon yadda aka ƙayyade, wato niyuton-mita 103, kusar takan ɗan miƙe, ta matse wili da fuskar cibiya da ƙarfin da ya kai kimanin tan 4, kusoshi biyar kuma sukan haura tan 20. To, gogayyar da wannan matsi ke haifarwa tsakanin fuskokin biyu ita ce haƙiƙa ke riƙe da motar, wadda rabon kowace ƙafarta bai wuce rabin tan ba. Aikin zobe kawai shi ne tsayar da wili a tsakiya sa'ad da ake ɗaurewa, aikin da noti mai tsinin baki na digiri 60 ke iya yi, muddin an ɗaga mota a jak, an fara da hannu, ana tsallake kusa ɗaya zuwa ta gabanta. In aka saɓa wa wannan, sitiyari ya riƙa karkarwa a wajajen gudun kilomita 100 a sa'a.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne yadda ake mayar da notin asali na Toyota, mai shimfiɗaɗɗen baki da wosha, a kan wilin da aka yi wa mazauni mai tsini, inda gefen woshar kaɗai ke taɓa ƙarfe, matsi ya yi ta raguwa har notin ya kwance, kuma babu zoben da zai hana wannan halaka.

Dole a yarda cewa lissafin ya ƙaddara busasshiyar kusa marar tsatsa ko mai, kuma hukuncin bai shafi wili mai shimfiɗaɗɗen mazauni ba, irin na manyan motoci da yawa, wanda ba ya daidaituwa sai da cibiya.